Mushe Halilu da Kaskon Balaraba

Duk wanda ya taɓa hawa kabu-kabu a Ƙauran Namoda ya san Halilu, in bai riƙe fuskarsa ba ya riƙe bakinsa. Mutum ne da in ya ɗauke ka daga tasha zuwa kasuwa, kafin ka sauka ka ji labarin duk ƙasar da ya taka, har da waɗanda bai taka ba. Babban abin tinƙahonsa shi ne wai ya zauna Nijar, ya iya Faransanci. Zaman nan kuwa, in za a faɗi tsakani da Allah, na yini guda ne: ya raka wani mai dabino kasuwar bakin iyaka, ya sha shayi, ya dawo. Amma ya dawo da "dakor" da "marsi" da "sa ba", wato "to" da "na gode" da "lafiya lau", ya kuma kafa wa abokan aikinsa doka a riƙa kiransa Mushe, wai haka ake kiran manyan mutane a can. Aka tuna masa cewa a nan mushe dabbar da ta mutu ba yanka ce, ya ce jahilci ne ke damun mutanen Ƙaura. Suka ce to madalla, ba a hana mutum sunan da ya zaɓar wa kansa.

Wata shekara ƙungiyarsu ta raba wa kowa hular kwano. Halilu ya juya tasa, ya ƙwanƙwasa, ya ce kan da ya sha ranar Nijar ba ya bukatar murfi. Ya kai ta gida ya miƙa wa matarsa Balaraba, ya ce ya ba kazarta kyauta har abada. Balaraba ta zuba ƙaiƙayi a ciki ta ajiye gindin rumbu, kaza kuwa ta karɓi kyauta hannu biyu.

To, a shekarun nan hanyar Jibiya lafiya lau take. Akwai wani Hayatu, mutumin Maraɗi, da ke zuwa Ƙaura sarin gero, shi ma mayen babur ne. Shi ya kawo labarin cewa mahayan garinsu za su yi rali, taron masu babura daga gari-gari, da wasa da zagaye da ciye-ciye, kuma suna gayyatar 'yan Ƙaura. Aka zauna zaɓen uban tafiya, wanda zai shiga gaba da tutar ƙungiya. Kowa ya ɗauka Mainasara za a ba, dattijon tasha mai sanyin magana. Sai Halilu ya miƙe ya tambaya, in jandarma, 'yan sandan Nijar, suka tare hanya suka yi Faransanci, Mainasara da Zamfarci zai amsa musu? Haka aka miƙa masa tuta.

Kada ku ga barkwancinsa ku ɗauka abin wasa ne a wurinsa. Halilu tun da yake bai taɓa shiga gaban komai ba, ko sallar la'asar a tasha ba a taɓa cewa ya ja ba. Ranar da ya kai tutar nan gida sai da ya tsaya a zaure ya share ƙwalla da bakin riga. So yake sau ɗaya a duniya a ga ƙeyarsa, a bi.

Washegari ya fara shiri. Ya ƙara wa babur madubai har ya zamana ko'ina ya duba kansa yake gani, hanya ce kawai ba ya gani. Ya sa aka huda salansar babur ɗin don Maraɗi ta ji zuwansa tun daga Jibiya, ya ɗaura hon ɗin tirela wanda in ya danna fitila ke mutuwa. Fasinjoji suka fara gudunsa, ya ce dama hutu yake so ya ba injin.

Ana cikin haka sai ga saƙon murya daga Hayatu. Aka taru gindin dalbejiyar tasha aka kunna.

"Salamu alaikum, mutanen Ƙaura. Za mu taro ku Zurmi ran kasuwa, mu ɗunguma tare. Amma kowa shi zo da kaske nai. Wanda bai da kaske, jandarma ba su barin shi shi wuce, kuma ba shi shiga rali."

Duk idanu suka koma kan Halilu. Nagoggo, wani ƙato mai saurin yarda da magana, ya ce, "Mushe, mi ake nuhi da kaske?"

Halilu ko a mafarki bai taɓa jin kalmar ba. Amma bakin da ya saba ba ya jiran kai. Ya yi gyaran murya, ya gyara zaman hula, ya yi murmushin tausayi.

"Kasko na. Su can Faransanci ya lanƙwashe musu halshe. Kai ka ce kasko, su su ce kaske."

Aka tambaye shi me kasko zai yi a taron babura. Ya ce a nan ake gane wanda ya yi yawon duniya. A can ba a ɗora wa mai masauki nauyi, kowa da abin suyarsa yake tafiya, jandarma kuma sai sun ga shaidar ba za ka zame wa garinsu kaya ba. Mainasara ya ce shi dai da a bugo wa Hayatu a tambaya, tunda matambayi ba ya ɓata. Halilu ya hau shi da faɗa, wai ga tafinta zaune za a je tambaya wani gari, so yake a ce mutanen Ƙaura ƙauyawa ne? Kalmar ƙauyawa ta yi wa jama'a zafi, aka hana kowa taɓa waya.

Ranar Alhamis Halilu ya ja Nagoggo suka tafi kasuwar Shinkafi sayen kasake na yumɓu. Ya tsaya gaban wata tsohuwa mai tukwane yana mata "dakor, dakor", ta ɗauka ciwon haƙori yake, ta kwatanta masa rumfar mai magani. Suka jera kasake a bayan babur, ɗaya cikin ɗaya, suka ɗaure da roba. Nagoggo ya ce a sa ciyawa a tsakani, Halilu ya ce ciyawa ta masu tsoron hanya ce. Daidai Badarawa suka tarar da garken shanu na tsallaka titi. Makiyayin ya ɗaga sanda alamar a dakata, Halilu ya danna masa hon ɗin tirela. Wani bajimi ya juyo ya dube shi, ya sunkuyar da kai, ya taho. Halilu ya kauce wa sa ya faɗa rami, ya fito daga rami ya hau kunyar dawa. Da suka iso Ƙaura suka kwance kaya, babu abin da ya zubo sai tsingaro.

Ana jira a ga kunya a fuskarsa, sai ya ce dama gwaji ya je yi. Yanzu an tabbatar na yumɓu ba zai kai Maraɗi ba, sai na ƙarfe. Na ƙarfe kuwa kowa ya san inda yake, yana hannun matan gida.

Kafin a gama wannan sai ga saƙo na biyu. Hayatu ya ce ya manta bai faɗa ba: "Kar wani shi ɗaura kaske bayan babur kamar yadda kunka saba. Bisa kai ake son ganinai."

Mainasara ya ce shi fa abin ya fara ɗaure masa kai. Yaushe suka saba ɗaura kasko a bayan babur? Halilu ya buga ƙirji ya ce labarin tafiyarsa Shinkafi ne ya kai Maraɗi, dama shi duk inda ya motsa sai an ji. Mainasara ya ce shi a saninsa abin da mai babur ke sawa a ka hular kwano ce.

"Kai Mainasara, tsufa ya kama ka," in ji Halilu. "In da kwano suka nuhi, ai kwane za su ce."

Tasha ta kwashe da dariya, har da masu tafi. Nan take uban tafiya ya yanke hukunci: kowa ya bar hular kwanonsa a rumfar ƙungiya, don kai ɗaya ba ya ɗaukar kwano da kasko. Mainasara ya ce shi wuyansa ba zai iya ba, ya haƙura da rali, amma zai raka su Zurmi ya yi musu Allah ya kiyaye.

Aka koma atisaye a filin tsohuwar tashar jirgin ƙasa, da yamma, lokacin da mata suka gama suya aka samu aron kasake da sunan za a kai wa maƙeri gyara. Halilu ya nuna yadda ake yi: a naɗa gammo, a ɗora kasko, a miƙe wuya, a ja mai a hankali. Bai kai ƙarshen bayani ba nasa ya sulluɓe ya bi fili yana gangarawa, awaki suka watse. Na wani ya faɗa kan tankin mai ya lotsa shi. Wuri ya cika da ƙarar ƙarfe har masu wucewa suka ɗauka jirgi ne ya dawo. Ana haka Nagoggo ya taka dutse, kaskonsa ya yi sama ya juyo ya kife masa a ka, ya zauna daram. Ya zagaye fili bai faɗi ba. Halilu ya ce yauwa, darasi na gaba ke nan da yake shirin koya musu, Nagoggo ya yi azarɓaɓi. Aka kife kasake a kawuna, aka zarga roba ta kunnuwan kasko aka ɗaure a haɓa.

Saura magana ɗaya. Uban tafiya ba zai sa kasko daidai da na mabiya ba, kuma duk unguwar babu kaskon da ya kai na Balaraba. Ƙosai take soyawa a bakin tasha kowace safiya, kaskon kuwa na mahaifiyarta ne, baƙi ƙirin, mai faɗin da yaro zai yi wanka a ciki. Halilu ya same ta tana surfen wake, ya fara da "madam", ya bi da tarihin zumuncin Ƙaura da Maraɗi, ya ƙare da cewa bisa kai ake son ganinsa. Ta bar shi ya gama tas.

"Baban Salima, wanga kasko shi ka ci da gidan ga," ta ce. "Kwana nawa rabon da ka kawo ko barkono? In kana son abin sawa ga kai, ga murhin tukunya nan."

Ya ce ita ba ta san darajar miji ba, gobe in aka nuna shi a waya yana gaban tawaga ita za a riƙa yi wa barka. Ta ce a yi mata barkar da wake. Ya fita yana cewa "dakor, dakor", ita kuwa ta ɗauka ya haƙura.

Ranar tafiya, da gari ya waye Balaraba ta ɗauki wakenta ta tafi inji. Tana ba da baya Halilu ya sunkuci kasko, ko wanke shi bai tsaya yi ba. Sauran ma haka suka yi wa nasu matan. Suka jeru a bakin tasha, kowa da baƙin kasko kife a ka, Halilu a gaba da tuta, nasa ya sauko har kafaɗa. Mutane suka fito suna riƙe ciki, masu shayi suka bar shayi yana zuba. Halilu ya ɗaga hannu yana amsa gaisuwa, ya ce wa Nagoggo ya duba yadda gari ke alfahari da su. Can baya Mainasara ya biyo a hankali da hular kwanonsa, da wani ƙullin buhu ɗaure a bayan babur.

Farkon tafiya lafiya. Da hantsi ya ɗaga sai ƙarfe ya fara aikin da aka ƙera shi dominsa. Kasko ya ɗauki zafi, tsohon man da ya daskare a gefe ya narke ya biyo goshi, ya haɗu da baƙin gindi da gumi ya gangaro har gemu. Ƙudaje suka ji ƙamshin ƙosai suka shiga tawaga. Ƙarar salansar da aka huda tana shiga cikin kasko tana kewayawa, har Halilu ya daina jin komai sai ƙugi. Nagoggo ya matso yana ihu cewa ƙwaƙwalwarsa ta fara nuna, Halilu ya ɗauka kirari yake masa, ya ƙara wuta.

Haka suka shigo Zurmi kasuwa na tsakiyar ci. A bakin kasuwa mutanen Maraɗi sun jeru da baburansu suna jira, Hayatu a gaba. Halilu ya hango su ya ce bari ya yi musu shigowar da za a daɗe ana labari. Ya miƙe tsaye kan babur, ya ɗaga tuta, ya danna hon. Iska ta shiga ƙarƙashin kasko ta ɗaga shi, roba ta ja shi ta dawo da shi, ya rufe masa fuska ruf. Babur ya bar titi da kansa, ya ratsa tsakanin masu rake, ya tsallake tabarmar mai barkono, ya je ya nutsa cikin tarin buhunan dusa. Uban tafiya ya wuce ta saman madubansa ya sauka zaune a gaban Hayatu.

Kasuwa ta watse ta dawo ta kewaye su. Halilu ya tura kasko baya, ya miƙe, fuska baƙa sai idanu, dusa ta manne a kan mai. Hayatu ya dube shi, ya dubi sauran da ke tsaye suna tururi.

"Lahiya dai? Gobara anka yi Ƙaura?"

"Sa ba, Mushe Hayatu," in ji Halilu. Ya ƙwanƙwasa kaskon kansa ya yi ƙara. "Ga mu, kowa da kaske nai. Bisa kai, kamar yadda kac ce."

Hayatu ya sa hannu ya cire hular kwanon da ke kansa, ya ɗaga ta sama yadda kowa zai gani.

"Wanga shi na kaske."

Jama'a, dariyar da aka yi a Zurmi ran nan har masu awon gero sai da suka bar mudu. Wani ɗan Maraɗi ya sauka daga babur ya kwanta a ƙasa don kada ya faɗi. Nagoggo ya fara kwance robar haɓarsa a hankali, yana kallon Halilu irin kallon da bajimin Badarawa ya yi masa. Amma Halilu bai ba da kai ba. Ya ce to mene ne abin dariya, kwano da kasko ba ɗaki ɗaya suke kwana ba? Kuskuren na mutanen Maraɗi ne da ba su iya furta Faransanci daidai ba. Hayatu ya ce to bismilla, ya zuba masa Faransanci mai tsawo, ya tsaya yana jiran amsa. Halilu ya ce, "Marsi." Ashe tambayarsa aka yi ko kansa bai ƙone ba.

Ana wata ga wata. Wata motar haya ta tsaya, matan unguwa suka firfito, kowace ta nufi kan mijinta. Balaraba ce ta fito ƙarshe, da bokitin ƙullu a hannu da galan ɗin mai. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba Halilu tsoro ke nan. Ta zo ta kwance robar da hannunta, ta sauke kasko, ta juya shi ta duba ko ya lotsa. Ta ce ƙullu ba ya jiran a koma Ƙaura. Ta sa aka kawo mata duwatsu da itace, ta wanke kasko, ta kafa murhu nan gefen buhunan dusa.

Hayatu ya ce rana na yi, wanda ke da kaske ya hau, wanda babu sai wata shekara. 'Yan Ƙaura suka tsaya cirko-cirko. Sai Mainasara ya sauke buhun nan ya kwance, hulunan kwanon da aka bari a rumfa suka gangaro. Ya ce ya ɗebo su ne ko da wani zai ji rana a hanyar komawa. Kowa ya damƙi tasa. Halilu ya tsuguna yana tona buhu har ƙasa, ya zazzage shi, babu.

"Na biya gidanka, Mushe," in ji Mainasara. "Na iske mai ita kwance ciki."

Halilu ya juya wurin Balaraba, murya ta yi ƙasa, babu dakor babu madam. Ya ce don Allah ta yarda ya ruga gida ya ɗauko, zai cim musu a Gurbin Bore. Ta jefa ƙullu cikin mai ya yi cuu, ba ta ko ɗago ba. Ta ce kaza kwanci take, ƙwai sun kusa ƙyanƙyashewa, wanda ya tashe ta shi da Allah. Ta kuma tuna masa cewa da bakinsa ya ce har abada, kyauta kuwa ba a karɓe ta.

Nagoggo ne ya zare tutar daga hannunsa ya miƙa wa Mainasara. Baburan suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka kama hanyar Jibiya. Halilu ya tsaya yana kallon tutar tana ƙanƙancewa, yana kallon ƙeyar kowa, shi da ya so a kalli tasa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, har bakin nan da ba ya hutawa ya rasa abin faɗa. Balaraba ta dube shi ta gefen ido, ta tsame ƙosai masu zafi ta tura masa a takarda, ta miƙa masa mafici ta ce wuta na mutuwa.

Ya ci, ya yi fifita. Mutanen da suka taru kallo ba su watse ba sai da suka cinye bokitin tas, kowa na son ya ce ya ci ƙosan hular Mushe. Kafin la'asar bakin Halilu ya fara dawowa, har an ji yana gaya wa wani mai rake cewa dama dabara ce ya yi don ya buɗe wa iyalinsa kasuwa a Zurmi.

Da kasko ya huce, aka ciro babur daga dusa, madubai sun karkace amma yana tashi. Balaraba ta hau baya ta rungume bokiti da galan. Halilu ya ɗauko roba zai ɗaure kasko a bayan sirdi, ya ga babu wuri, ya tsaya yana juya shi. Ta karɓi robar, ta kife masa kaskon a ka, ta ɗaure a haɓa tamau.

"Ja mu tahi, Mushe," ta ce. "Bisa kai ake son ganinai."